Wai da gaske rana za ta matso kusa da duniya ranar 20 ga Maris?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimi a cikinmu ku taimaka min. Wani saƙo ne ke ta yawo a WhatsApp, wai ranar 20 ga wata za a yi wani abu da ake kira ikwinoks, rana za ta matso kusa da duniya, zafi zai wuce digiri 40, kada kowa ya fita daga ƙarfe 12 zuwa 3. Yarana ƙarfe 2 suke tashi daga makaranta. In hana su zuwa ne ko yaya?

Injiniya Mai Sola: Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan saƙon tsoho ne, duk Maris sai ya dawo. Ki bar su su tafi makarantarsu. Amma ruwan kam ki cika musu gora, ki haɗa da hula ko lema.

Alhaji Na Kwari: To Injiniya, tsoho ne ko sabo, ai zafin ba ƙarya ba ne. Jiya a kasuwa fanka ma iska mai zafi take busowa. A Janairu muna cikin bargo, yanzu ko singileti ba ta zama a jiki. In ba matsowa ranar ta yi ba, me ya kawo haka? Abu in ya matso ka fi jin zafinsa, wannan ba sai an je jami'a ba.

Malamin Jogirafi: Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Zafin gaskiya ne, dalilin da saƙon ya bayar ne ba haka yake ba. Hanyar da duniya ke bi tana zagaya rana ba da'ira ce cif-cif ba, ta ɗan miƙe ta gefe guda, don haka akwai lokacin da muke ɗan kusa da lokacin da muke ɗan nesa. Mun fi kusa a farkon Janairu, wajen 3 ko 4 ga wata, nisan kilomita miliyan 147. Mun fi nisa a farkon Yuli, kilomita miliyan 152. Wato a kwanakin da kake cikin bargon nan kana neman ruwan ɗumi na alwala, a lokacin ne ka fi kusa da rana a duk shekara. Ranar 20 ga Maris kuwa nisa muke ƙarawa, ba matsowa ba.

Alhaji Na Kwari: Haba Malam. Wa ya ɗauki tef ya je ya auno?

Ɗan Zongo a Joburg: Alhaji bar batun awo, ga ni nan shaida. Mu a Afirka ta Kudu Yuni da Yuli ne tsakiyar sanyi, har raɓa takan daskare a kan gilashin mota da asuba. Disamba kuma zafi da ruwan sama. Ka tuna gasar cin kofin duniya ta 2010? A watan Yuni aka fara, kuma duk wanda ya kalla ya ga 'yan kallo cikin manyan rigunan sanyi da huluna. Duniya ai guda ce. In da nisanta da rana ne ke kawo zafi da sanyi, da ni da mutumin Landan tare za mu yi gumi, tare mu yi rawar ɗari. Amma yanzu haka su ɗumi suke shiga, mu sanyi muke fuskanta.

Alhaji Na Kwari: Wannan kam magana ce. To menene dalilin?

Malamin Jogirafi: Karkata ce. Duniya tana juyawa a kanta sau ɗaya a yini, shi ne dare da rana. Layin da take juyawa a kansa, wanda ya ratsa ta daga ƙarshen arewa zuwa ƙarshen kudu, ba a tsaye yake sak ba in aka kwatanta da hanyar da take bi tana zagaya rana. A karkace yake da digiri 23.4. Kuma duk inda ta je a zagayenta, karkatar tana nuna wuri guda ne a sama, wajen tauraron arewa. Saboda haka a Yuni ɓangaren arewa ne ke sunkuyo wa rana, bayan wata shida in duniya ta koma ɗaya gefen, ɓangaren kudu ne ke sunkuyowa.

Abu biyu ne ke biyo bayan wannan. Na farko yadda haske ke sauka. Ɗauki tocila ka haska ƙasa tana kallon ƙasan sak, za ka ga haske a dunƙule da ƙarfi. Karkata ta, hasken nan dai shi ne, amma ya bazu a fili mai faɗi ya yi rauni. Ranar da ke tsaye bisa kai tana gasa ƙasa, wadda ke zuwa a kaikaice ba ta da wannan ƙarfin. Na biyu tsawon yini. Ɓangaren da ya sunkuyo yininsa ya fi darensa tsawo, ƙasa tana daɗewa tana shan rana.

Sau biyu a shekara, wajen 20 ga Maris da 22 ko 23 ga Satumba, duniya kan zo inda babu ɓangaren da ya sunkuyo. Rana tana tsaye a kan ikwaita, layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu, wanda ya ratsa Gabon da Kongo da Uganda da Kenya. A ranar dare da yini sun yi kusan daidai a ko'ina, rana ta fito daga gabas sak ta faɗi yamma sak. Abin da ake kira ikwinoks ke nan, ba wani abu ba. Mutanen Turai da Amurka suna murna da na Maris ne don shi ke nuna sun fita daga sanyi, bishiyoyi za su fara toho.

Anti Nas a Landan: Wallahi Malam mu nan a jikinmu muke gani. A Disamba yini bai kai awa 8 ba, ka tafi aiki cikin duhu ka dawo cikin duhu, la'asar da magariba kamar a haɗe. A Yuni kuwa yini ya haura awa 16 da rabi. Azumin 2016 da ya faɗo a Yuni sama da awa 18 muke yi, sai bayan ƙarfe 9 na dare ake shan ruwa. Na 2024 da ya zo a Maris wajen awa 14 ne, kusan daidai da na gida. A shekarar ce mahaifiyata ta daina tausaya min a waya.

Sarkin Noman Ƙauyenmu: Tabɗi. Awa 18? Allah ya ba ku lada.

Anti Nas a Landan: Amin Baba. Ai mu da sauƙi. A garin Tromso na Norway tun daga wajen 20 ga Mayu har bayan tsakiyar Yuli rana ba ta faɗuwa sam.

Malamin Jogirafi: Mu kuma da ke kusa da ikwaita bambancin kaɗan ne. A Kano yinin da ya fi gajarta a Disamba awa 11 da minti 25 ne, wanda ya fi tsawo a Yuni kusan awa 12 da minti 50. Shi ya sa ba mu cika lura ba, sai mai kula da jadawalin salla.

Ɗalibar Fiziks: Malam da izininka in ƙara wani abu kaɗan. Ko a ranar 20 ga Maris ɗin ba daidai cif ba ne, yini ya ɗan fi dare da 'yan mintoci. Ana ƙirga fitowar rana ne daga lokacin da gefenta na sama ya leƙo, ba tsakiyarta ba, faɗuwa kuma sai gefen ƙarshe ya ɓace. Sannan iskar da ke lulluɓe da duniya tana lanƙwasa haske, muna ganin rana tun tana ƙasa da inda sama ta haɗu da ƙasa. Duk wanda ya duba jadawalin Kano na ranar zai ga wajen awa 12 da minti 7.

Malamin Jogirafi: Haka ne 'yata, shi ya sa na ce kusan.

Alhaji Na Kwari: To Malam, ga inda na kama ka. Ka ce a Yuni ne arewa ta fi sunkuyo wa rana. Mu ma ai a arewa muke ko? Me ya sa zafinmu ya fi tsanani a Afrilu da Mayu, amma a Agusta har mutum yakan ja mayafi da dare? In lissafinka daidai ne, da Yuni da Yuli sun fi kowane wata ƙuna.

Injiniya Mai Sola: Alhaji yau ka zo da shiri.

Malamin Jogirafi: Wannan ita ce tambayar da ta fi dacewa da mu, kuma littattafan da aka rubuta don yaran Turai ba sa amsa ta. Bayanin yanayi huɗu da suke yi nasu ne. Namu daban yake tafiya ko da yake tushen ɗaya ne.

Inda rana ke tsayawa bisa kai da tsakar rana yana tafiya ne a shekara. Ranar 20 ga Maris yana kan ikwaita. Daga nan ya yi ta hawowa arewa, wajen 6 ga Afrilu yana kan Legas, wajen 22 ga Afrilu yana kan Kano, farkon Mayu yana kan Agadas, har ya kai iyakarsa ranar 21 ga Yuni a digiri 23.4 arewa da ikwaita, can cikin Sahara, layin da ya wuce kusa da Aswan a Masar. Sai ya juyo, ya sake bi ta kan Kano wajen 21 ga Agusta, ya ƙetara ikwaita a Satumba, ya kai iyakar kudu wajen 21 ga Disamba. Mutumin Landan bai taɓa ganin rana bisa kansa ba, mu kuwa sau biyu take bi ta kanmu duk shekara.

A bi na farko, wato Afrilu, ƙasa a bushe take ƙayau, wata shida ba ruwa, babu gajimare, babu ciyawa, ƙurar hunturu da ke tare haske ta kwanta. Babu abin da ya shiga tsakaninmu da rana. Bazara ke nan, digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri ba labari ba ne.

Amma wannan zafin shi ke jawo maganinsa. In ƙasar Sahel da Sahara ta gasu, iskar da ke kanta takan yi sama, sai iska mai ɗanshi daga tekun Atlantika ta kwararo daga kudu maso yamma ta maye gurbi. Ita ke ɗauke da hadari. Iyakar da iskar teku ke haɗuwa da busasshiyar iskar hamada tana bin rana a baya, a hankali, har ta kai wajen digiri 20 arewa da ikwaita a Agusta. Shi ya sa Fatakwal ke samun ruwa tun Maris, Kaduna a Afrilu zuwa Mayu, Kano ƙarshen Mayu zuwa Yuni, Damagaram bayan haka, Agadas kuwa ɗan abin da ya samu a Yuli da Agusta. To a bi na biyu, a Agusta, ranar tana nan bisa kanmu kamar yadda take a Afrilu, sai dai gajimare ya rufe ta, ƙasa a jiƙe, zafin yana ƙarewa wajen busar da ruwa. Marka ke nan. Da ruwa ya ɗauke a Oktoba sai zafi ya ɗan dawo kafin sanyi ya shigo.

In rana ta koma kudu, iskar teku ta ja da baya, ta hamada ta biyo ta daga arewa maso gabas da ƙura. Ga rana a kaikaice, ga dare ya ɗan ƙara tsawo, ga sama ba gajimaren da zai riƙe ɗumi da dare. Hunturu ke nan. Duk karkatar nan ce, su can suna ganinta a tsawon yini da ƙanƙara, mu muna ganinta a iska da ruwa.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri Malam. Ke nan zafin ma bai kai ƙarshe ba tukuna.

Anti Nas a Landan: Bai kai ba 'yar uwa, Afrilu na tafe. Kuma lokacin sanƙarau ne da ƙyanda. A kula da tsofaffi da jarirai, a rage cunkoso a ɗaki, a bar taga a buɗe, wanda bai yi rigakafi ba a kai shi. Ba ranar 20 ga wata kaɗai ba, har ruwa ya sauka.

Alaramma: Assalamu alaikum. Na karanta duka. Kada matasa su ɗauka wannan ilimi jiya ya zo da jirgin Turawa. A Suratur Rahman aya ta 17 Allah ya ambaci kansa da Ubangijin mafita biyu da mafaɗa biyu, kuma malaman tafsiri da dama sun ce ana nufin mafitar rana ta lokacin zafi da ta lokacin sanyi, haka mafaɗarta. Duk wanda ke zama wuri guda bayan asuba ya san rana ba daga wuri ɗaya take fitowa ba. Malaman falaki na Musulmi sun auna karkatar da Malam yake faɗa. Al-Battani, wanda ya yi aikinsa a Raƙƙa ta ƙasar Sham ya rasu a 929, ya samu digiri 23 da daƙiƙa 35, wato digiri 23 da rabi da ɗan ɗori.

Mu kuma a zaure abin da muka gada shi ne lissafin taurari 28, kowane yana da kwana 13, ɗaya yana da 14, ya zama 365. Bakwai-bakwai ga kowane yanayi. Da shi malamai ke gaya wa manoma inda shekara take, domin watan Hijira ba ya tsayawa wuri guda. Shekararsa kwana 354 ce, duk shekara tana gaba da kwana 10 ko 11, shi ya sa azumi ke zagaya rani da damina cikin shekara 33. Ibada da wata, noma da rana, haka muka taras.

Sarkin Noman Ƙauyenmu: Allah ya gafarta Malam, haka ne. Iyayenmu Kaza da 'Ya'yanta suke duba. In ta ɓace daga yamma bayan magariba, a gyara gona a kai taki. In ta dawo tana fitowa da asuba, damina ta kama.

Ɗalibar Fiziks: Baba ai agogo ɗaya ne. Tana ɓacewa ne saboda a Mayu rana tana ɓangaren sama ɗaya da ita, haske ya rufe ta. Duniya na ci gaba da tafiya sai ta ɓullo ta ɗaya gefen.

Injiniya Mai Sola: Tunda Alaramma ya kawo mafitar rana, akwai abin da ke damuna in na shiga gidaje aiki. Mutane da yawa in sun sauka baƙon wuri sai su duba inda rana ta fito su ce nan ne alƙibla. A Kano mafitar rana tana yawo digiri 24 arewa da gabas a Yuni, digiri 24 kudu da gabas a Disamba. Alƙiblar Kano kuwa kusan digiri 22 take arewa da gabas. A Yuni ka yi dace, a Disamba ka kauce da fiye da digiri 40.

Alaramma: Akwai hanya mai sauƙi. Makka ma tana cikin yankin da rana ke bi bisa kai. Ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 agogon Makka, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da 12:27, rana tana tsaye a kan Ka'aba. A Najeriya da Nijar 10:18 da 10:27 na safe ke nan. A lokacin duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla. Kafa sanda, ja layi a kan inuwarta, shi ke nan.

Injiniya Mai Sola: Madalla. Mu ma a sana'armu haka ne. Farantin sola a nan kudu muke fuskantar da shi, da ɗan karkata digiri 10 zuwa 15, domin rana ta fi daɗewa a kudu da mu. Daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta ne kawai take arewa da Kano da tsakar rana. Amma gaskiya ƙura ta fi karkata cin wuta, ku riƙa gogewa. Wani abu kuma, a kwanakin nan in kuna kallo da dish hoto ya ɗauke na 'yan mintoci da rana tsaka ba hadari ba komai, kada ku kira mai gyara. Taurarin ɗan'adam na talabijin a saman ikwaita suke, rana ma yanzu a can take, in ta bi ta bayansu sai ta danne siginar. Da kansa yake dawowa.

Ɗan Filato: Mu ma Kiristoci ranar ta shafe mu. Ista ita ce Lahadin farko bayan cikar wata da ta zo a ranar 21 ga Maris ko bayanta, shi ya sa take yawo tsakanin Maris da Afrilu. Kalandar da ke bangon kowa ma saboda wannan aka gyara ta. Shekarar rana kwana 365 ce da awa 5 da kusan minti 49, tsohuwar kalandar Rumawa kuma ta ɗauke ta awa 6 cif. Minti 11 ɗin nan suka yi ta taruwa har ranar daidaito ta zame zuwa 11 ga Maris. A 1582 Fafaroma Gregory na 13 ya sa aka tsallake kwana 10, aka kwana Alhamis 4 ga Oktoba aka tashi Juma'a 15 ga Oktoba.

Alhaji Na Kwari: Masu haya sun ji daɗi a watan nan, masu gida sun shiga uku.

Ɗan Filato: Alhaji kai dai lissafin kuɗi. A Iran da Afghanistan da wajen Kurdawa kuwa ranar ce sabuwar shekara, Nauruz. A Iran ba tsakar dare suke jira ba, daidai mintin da rana ta hau ikwaita shekara ke shiga, ko da ƙarfe nawa ne.

Ɗan Damagaram: Sannunku da hira. Ina da shawara. Maimakon gardama kowa ya auna da hannunsa. Gobe 20 ga wata a samu sanda mai tsawon mita 1, a kafa ta a tsaye sak a fili mai laushi ba tudu ba gangare. Daga 12 zuwa 1 a riƙa sa alama a bakin inuwa. Inda ta fi gajarta shi ne zawali, a auna a turo. Tunda rana na kan ikwaita, tsawon inuwar zai nuna nisan garinka daga can.

Malamin Jogirafi: Shawara mai kyau. Ga abin da lissafi ya ce kafin a auna, don kada a ce mun gyara daga baya. Kano santimita 21, Kaduna 18 zuwa 19, Damagaram kusan 25, Landan 126, duk inuwa tana nuna arewa. Johannesburg 49 tana nuna kudu. A Kano zawali zai kama wajen 12:30, ba 12 daidai ba.

Ɗalibar Fiziks: Kafin gobe, ina so in ba Baba Alhaji haƙƙinsa, don maganarsa ta nisa ba a banza take gaba ɗaya ba. Bambancin kilomita miliyan 5 ɗin nan yana sa hasken da ke iso mu a Janairu ya fi na Yuli da kusan kashi 7 cikin 100. Karkata ta fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma yana nan. Kuma ba kullum ne kusancin ke faɗowa a Janairu ba, yana zagayawa cikin shekara kusan 21,000. Shekara 10,000 da suka wuce a lokacin zafin arewa yake faɗowa, karkatar ma ta ɗan fi ta yanzu. Sahara ta fi gasuwa, iskar teku ta fi shigowa da ƙarfi, damina ta kai can cikin hamada. Sahara ta yi kore, da tafkuna da namun daji. Raƙuman dawa da aka sassaƙa a dutse a Dabous, arewa da Agadas, daga wancan zamanin suke. Kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987 a jihar Yobe ta yanzu, shekararsa kusan 8,000, tsawonsa ya haura mita 8. Tafkin Chadi a lokacin ya kai har kwarin Bodele a arewacin Chadi, kuma busasshen gindin tafkin nan ne ke ba mu kaso mai yawa na ƙurar da muke shaƙa da hunturu.

Alhaji Na Kwari: Kun ji ko? Allah ya yi miki albarka 'yata. Na faɗa muku nisa na da aiki.

Injiniya Mai Sola: Alhaji, shekara 10,000 fa ta ce, ba jibi ba.

Sarkin Noman Ƙauyenmu: Ni tambayata ɗaya ce Malam. In tafiyar rana ba ta saɓawa ko da kwana ɗaya, me ya sa ruwa ke saɓawa? Wata shekara mu yi shuka a Mayu, wata shekara har Yuni ya raba ana kallon sama. Wani lokaci a yi ruwan farko mu shuka, ya ɗauke sati uku iri ya ƙone.

Malamin Jogirafi: Ranka ya daɗe, rana ce ke jan iskar, amma ba ita kaɗai ke da magana ba. Ɗumin ruwan teku yana canzawa daga shekara zuwa shekara, na Atlantika da ma na Pasifik mai nisa, kuma shi ke sa iskar ta zo da ƙarfi ko da rauni, da wuri ko a makare. Farin 1973 da na 1984 ba rana ce ta sauya hanya ba. Shi ya sa sanin ranar 20 ga Maris ba zai ba ka ranar shuka ba. Wannan sai an haɗa da hasashen masu kula da yanayi na shekarar, da kuma abin da ƙasar gonarka ta nuna in ka tona.

Sarkin Noman Ƙauyenmu: To, mu dai gero ba ya jira. In ya sauka ya jiƙa ƙasa kamu ɗaya, zan shuka rabi in riƙe rabi.

Ɗan Damagaram: Jama'a yau ce ranar. Nawa ya ba ni 25, da 12:30 da 'yan mintoci.

Ɗan Zongo a Joburg: 49 da ɗan ɗori, kuma kudu take nunawa. Maƙwabcina ya fito yana tambaya ko lafiya.

Anti Nas a Landan: Gajimare tun safe, ko inuwar kaina ban gani ba.

Maman Ilham: Ilham ce ta auna da taɓarya da ta dawo, ta samu abin da ya fi haka tsawo sosai.

Ɗalibar Fiziks: Anti ai bayan ƙarfe 2 rana ta riga ta gusa, kuma taɓaryar sai an san tsawonta. Ta sake ranar Asabar da 12:30, bambancin kwana biyu ko uku bai wuce santimita 1 zuwa 2 ba.

Alhaji Na Kwari: Yarona ya auna a ƙofar shago, 22 ya samu ba 21 ba.

Malamin Jogirafi: Alhaji santimita ɗaya ai sandar ce ta ɗan kwanta. Ka ajiye ta. Ranar 22 ga Afrilu da wajen 12:25 ka sake kafa ta a wurin, inuwar za ta shige ƙarƙashinta.

Alhaji Na Kwari: Na rubuta a bayan littafin bashi. In na ga inuwa ko ta ɗan yatsa ce, lemon duk 'yan layinmu a kanka.

Malamin Jogirafi: Na yarda, amma da sharaɗi Injiniya ne zai kafa sandar da ma'aunin magina, ba yaronka ba.